Bashin Barci Da Tsofaffin Kasuwar Jalingo

Tun kafin assalatu ake fara kai da kawo a Kasuwar Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba tun 1991. Motocin doya daga Zing da Yorro kan iso da duhu, mahauta sun riga sun nufi kwata, masu gadi kuwa a lokacin ne suke naɗe tabarminsu. Da yawa daga cikin masu gadin nan dattawa ne da suka haura shekara 60, watau waɗanda barci ya riga ya fara yi wa rowa.

Masana sun ce wanda ya wuce shekara 65 yana bukatar barcin awa 7 zuwa 8, kusan daidai da ɗansa. Abin da tsufa ke ragewa shi ne nauyin barcin. Sai ka ga dattijo yana farkawa saboda fitsari, ko ciwon gwiwa, ko zafin watan Maris, wanda a Jalingo ba ya wasa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga gyangyaɗi a rumfa ba. A 1999 likitocin Jami'ar Chicago ta Amurka sun bar samari 11 da barcin awa 4 kacal har dare 6. Sai jikinsu ya kasa sarrafa sukari yadda ya saba, ya koma kamar na tsofaffi. Da aka bar su suka yi barci sosai, sai suka murmure. Amma fa samari ne, kuma kwana 6 ne kawai. Mai gadin da ya shekara 20 yana kwana zaune lissafinsa dabam ne. Wani bincike da aka buga a 2021 kan ma'aikatan gwamnatin Ingila kusan 8,000 ya nuna cewa masu barcin awa 6 ko ƙasa da haka tun suna 'yan hamsin sun fi kamuwa da ruɗewar tsufa, da kimanin kashi 30 cikin 100. Hawan jini da ciwon sukari su ma sukan bi wannan sawu.

To, ana iya ramawa? Ɗan kasuwa ya san bashin da aka daɗe ana ci ba a biyansa rana ɗaya. A 2019 Jami'ar Colorado ta gwada masu rama barci a ƙarshen mako, aka tarar amfanin yana gushewa da zarar sun koma gidan jiya. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar ta fi, in dai ba a kai ta la'asar ba.

Sai kuma goro da shayi, abokan hirar tsofaffi. Sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yakan yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka goron magariba yana nan yana aiki har tsakar dare. Mai minshari mai ƙarfi, wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, lamarinsa na likita ne, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan cikin gari. Ƙwayar barci ta kemis kuwa takan sa tsoho jiri ya faɗi, ƙashin tsoho kuma ba ya saurin ɗoruwa.