Yadda ake ƙera dusar ƙanƙara da inji a tsaunukan Alps, da inda ƙarfin injin ya tsaya

A watan Janairun 2023 aka yi gasar zamiya ta duniya a Adelboden, wani ƙauye da ke cikin tsaunukan Alps a ƙasar Suwizalan. Duk wanda ya ga hotunan wurin a kwanakin sai ya yi mamaki: wani farin ziri ne ya gangaro daga tsauni, amma hagunsa da damansa ciyawa ce da ƙasa, alhali ana tsakiyar hunturu. A ranar farko ta wannan shekarar ma zafi ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyos a garin Delémont na ƙasar. Wancan farin zirin injuna ne suka ƙera mafi yawansa. To ta yaya inji yake yin dusar ƙanƙara, kuma me ya kawo buƙatarsa?

Wasan da gari guda ke ci da shi

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan iri biyu ne. A na farko mutum yakan ɗaura dogayen alluna biyu sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga saman gangare. A na biyu allo ɗaya ne mai faɗi, ƙafafu biyu a kansa, babu sanda. Motocin da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe su ke kai mutane sama, su kuma su zamo ƙasa.

Garin Chamonix na Faransa, a gindin tsaunin Mont Blanc, shi ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Tun daga wancan zamani wasan ya yi ta bunƙasa, har ya zama abin da ke riƙe da ƙauyuka masu yawa a Faransa, Suwizalan, Ostiriya da Italiya. Mai otal, mai gidan abinci, mai ba da hayar kayan wasa, mai koyarwa, duk suna jiran watanni huɗu ko biyar ne a shekara. Makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara kuwa su ne kakarsu. In baƙi suka iso ba ƙanƙara, to shekarar ta lalace.

Ina ƙanƙarar take tafiya?

Iska tana ƙara sanyi yayin da ake hawa sama, kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Shi ya sa za a yi ruwan sama a kwari, amma a saman tsauni dusar ƙanƙara ce ke zuba a lokaci guda. Yankin Alps ya ƙara ɗumi da kusan digiri 2 daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau. In ka yi lissafi, digiri 2 daidai yake da hawan mita 300 ko makamancin haka. Wato iyakar da ruwan sama ke komawa ƙanƙara ta matsa sama, ta bar ƙauyukan da ke ƙasa-ƙasa. Hunturu kuma yana makara wajen shigowa, yana saurin fita.

Ruwa ba ya daskarewa haka kawai

A makaranta an koya mana cewa ruwa yana daskarewa a digiri 0. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Ɗan ɗigon ruwa mai tsabta sosai yana iya zama ruwa har kusan digiri 40 ƙasa da sifiri. Kafin ya daskare sai ya sami abin da zai fara taruwa a kansa, kamar ƙwayar ƙura ko ɗan ɓurɓushin ƙanƙara. Haka abin yake a cikin gajimare.

Injin, wanda aka fara ƙerawa a Amurka wajen 1950, wannan sirrin yake amfani da shi. Sananne a cikinsu kamar ganga yake, da babbar fanka a ciki. Wasu ƙananan ramuka suna fesa ruwa ya fito kamar hazo. Wasu ramukan kuma suna fitar da ɗan ruwa haɗe da iskar da aka matse. Da zarar iskar ta fita sai ta buɗe, ta yi sanyi nan take, ɗan ruwan da ke cikinta ya zama ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara. Su ne irin. Fankar ta cilla komai sama, ɗigon ruwa ya haɗu da iri, ya daskare cikin 'yan daƙiƙu kafin ya faɗo.

Akwai abu na biyu, kuma duk wanda ya sha ruwan randa a lokacin hunturu ya san shi. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bin iska, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. In iska busasshiya ce abin ya fi aiki. Haka ɗigon da inji ya fesa: wani ɓangarensa yana bin iska, ragowar ya ƙara sanyi. Saboda haka masu aikin ba zafin iska kaɗai suke dubawa ba, har da laimarta. Suna amfani da awon da za a samu in aka naɗe bakin ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle, kuma suna so ya kai kusan digiri 2 zuwa 3 ƙasa da sifiri. In iska ta bushe ƙwarai, ana iya yin ƙanƙara ko da zafi ya ɗan haura sifiri. In akwai laima, sai an sami sanyi na gaske.

Ba iri ɗaya ba ce da ta sama

Dusar da ke saukowa daga gajimare tana girma ne sannu a hankali daga tururin ruwa, ta fito da rassa shida, da iska mai yawa a tsakaninsu. Ta inji kuwa ƙananan dunƙule ne. Tana iya ninka sabuwar dusar sama sau huɗu a nauyi, ta fi tauri, ta fi jure narkewa. Masu tsere suna sonta don gudu, amma wanda ya faɗi a kanta zai ji a jikinsa.

Nauyin nan ruwa ne. Don a rufe hekta ɗaya da kaurin santimita 30, ana buƙatar fiye da lita miliyan ɗaya. Shi ya sa ake haƙa manyan tafkuna a kan tsauni, a binne bututu, a jawo lantarkin da zai tura ruwa sama. A Italiya kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiya suna da irin waɗannan injuna, a Ostiriya kusan kashi 70.

Inda dabara ta ƙare

Ka lura, injin nan ba firij ba ne. Ba ya ƙirƙirar sanyi, aro yake yi daga iska. Daren da ba sanyi, a kashe yake kwana.

Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2023 ya duba wuraren zamiya 2,234 a ƙasashen Turai 28. Ya gano cewa in duniya ta ƙara ɗumi da digiri 2, kashi 53 cikin 100 za su shiga babban haɗarin ƙarancin ƙanƙara in babu inji. In digiri 4 ne, kashi 98. Ko an sa injuna a rabin hanyoyin, alƙaluman suna komawa kashi 27 da kashi 71 ne kawai. Inji yana rage matsalar, bai kawar da ita ba.

Wasu sun riga sun haƙura. A 2023 aka rufe ƙaramin wurin zamiya na La Sambuy, kusa da tafkin Annecy a Faransa, domin kwanakin ƙanƙara sun ragu har kuɗin shiga ba ya biyan ɗawainiya. Wasu kuma ajiya suke yi. A Davos ana tara tsibin ƙanƙara a lokacin sanyi, a lulluɓe shi da garin katako, kamar yadda mai sayar da ƙanƙara ke lulluɓe kayansa kada rana ta cinye. Mafi yawan tsibin yana kaiwa kaka, a baza shi a buɗe wasa da wuri.

Wani zai ce ai wannan damuwar masu hutu ce. Amma dusar Alps rumbun ruwa ce: tana taruwa da hunturu, ta narke a hankali ta ciyar da kogunan Rhine, Rhône da Po lokacin zafi. A 2022, bayan hunturun da aka yi ƙarancin ƙanƙara, kogin Po ya janye ƙwarai har manoman shinkafa a arewacin Italiya suka rasa ruwan ban-ruwa. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun yi asarar kusan kashi 10 cikin 100 na girmansu. Inji yana iya shimfiɗa farin ziri don a yi gasa, amma ruwan da ya yi shi da shi daga tsaunin nan aka ɗebo, bai ƙara wa kogi ko ɗigo ba.