"Babu netwok": Yadda adireshi ɗaya a wuri biyu ke tsayar da ciniki har Dirin Daji

A Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba da ke masarautar Zuru a jihar Kebbi, mai POS ne bankin mutane da dama. Idan na'urarsa ta ƙi aiki, hukunci ɗaya ake yankewa: babu netwok. Sau da yawa gaskiya ne. Sai dai wani lokaci sabis na waya lafiya lau yake, matsalar tana can cikin wata cibiyar adana bayanai a Legas ko Abuja, inda rukunin kwamfutoci biyu suka wayi gari da adireshi iri ɗaya.

Kowace na'ura da ke magana a intanet tana da lambar adireshi. Tsohon tsarin da ake kira IPv4 yana da kusan biliyan 4.3 kacal, kuma rumbun duniya da ake rabo daga cikinsa ya ƙare a watan Fabrairun 2011. Tun 1994 masana suka ware rukuni uku na lambobi, masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168, domin kowa ya yi amfani da su a cikin gidansa ba tare da neman izini ba.

Abin kamar sunan Tudun Wada ne. Akwai ta a Kano, akwai a Zariya, akwai a Kaduna da Gusau, kuma babu mai ɓata muddin yana cikin garinsa. Rikici na tasowa ne ranar da aka miƙa wa direba saƙo aka ce masa Tudun Wada kawai.

A da injiniya ne ke raba lambobin da hannunsa, yana rubutawa. Yanzu manhajoji ke ƙirƙirar hanyoyin sadarwa na cikin kwamfuta su rushe su cikin daƙiƙoƙi, ba sa tambayar kowa. Docker, misali, tana farawa da 172.17, ta ɗauki 172.18 ga hanya ta gaba, haka har sama. Idan wani reshe na kamfanin ya riga ya zauna a 172.18, saƙon da aka nufa da shi sai ya maƙale a cikin na'urar da ta aiko shi. Abin takaicin shi ne babu abin da ya ƙone, fitilu duk kore ne, ana iya shafe sa'o'i ana lalube.

Haɗewar kamfanoni, irin ta bankunan Access da Diamond a 2019, na tilasta wa injiniyoyi zama su gwada littattafan adireshinsu kafin a jona waya. Amazon ma ba ta yarda a haɗa hanyoyi biyu na girgijenta kai tsaye idan lambobinsu sun hau kan juna.

Maganin ba sabo ba ne: rajista guda da dole kowace manhaja ta duba kafin ta ɗauki lamba, ko a koma sabon tsarin IPv6 mai yalwa. Aiki ne marar ɗaukar ido, shi ya sa ake yawan ɗage shi.

Batun ya matso Arewa tun da aka buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano a Janairun 2023, daidai lokacin da ƙarancin takardun naira ya tura 'yan kasuwar hatsi da dabbobi zuwa tiransifa. Mai sayar da buhun dawa a Sakaba ba zai saki kayansa ba sai ya ga alat.