Bashin babur da ciyarwa bayan saki

Ga wata matsala da ke yawan zuwa gaban masu unguwa da alƙalai a Maraɗi da Damagaram. Miji da mata sun ɗauki babur bashi, a ce na jika 450, domin mijin ya riƙa yin kabu-kabu. An biya jika 200, sai saki ya auku. Wa zai biya jika 250 da suka rage?

Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne saki aure yake rabawa, ba ya shafe bashi. Mai bin bashi, ko banki ne ko asusun bashi ko ɗan kasuwa, takarda yake dubawa. Wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shi ake bi. Idan ke kika karɓo kuɗin da sunanki, misali daga ƙungiyar Mata Masu Dubara, kika miƙa wa mijinki, ke za a tambaya, ko da babur ɗin yana gidansa. Haka kuma idan kin tsaya masa lamuni a rubuce. Nan ne mata da yawa ke shiga wahala, domin ranar karɓar kuɗi ba wanda ke tunanin rabuwa.

A shari'ar Musulunci, wadda galibin mutanen Nijar ke bi a mazhabar Malikiyya, dukiyar mace tata ce, ta miji tasa ce. Kuɗin da kika zuba a babur, in ba kyauta kika yi ba, kina da ikon neman su. Sai dai alƙali zai nemi shaida: rasit, littafin asusu, takardar mallakar babur, ko mutanen da aka yi maganar a gabansu. Ki adana su tun yau. Hanya mafi sauƙi ita ce wanda ya riƙe babur ya ɗauki sauran bashin, ko a sayar a biya, a raba abin da ya rage gwargwadon abin da kowa ya zuba. A rubuta yarjejeniyar, kuma a nemi amincewar mai bin bashin, in ba haka ba sunanki yana nan.

Ciyarwa kuwa magana ce dabam. Idan sakin na kome ne, wato ɗaya ko biyu, abinci da tufafi da wurin zama suna wuyan miji har idda ta cika: tsarki uku, ko haihuwa ga mai ciki. Idan saki uku ne ko hul'i, wurin zama kawai ya rage, sai fa in akwai ciki.

Kai kuma maigida, kada ka ce bashin babur ya hana ka ciyar da ƴaƴanka. Abincinsu haƙƙinsu ne, ba a cire shi daga lissafin da ke tsakaninka da uwarsu. In sulhu ya gagara wajen dangi da mai unguwa, ku je kotu. A sha'anin aure da saki, alƙali yana zama tare da masana al'adar masu ƙara.