Danjar Mota: Yadda Ake Daidaita Sabuwar Fitilar Baya

Kowane direba ya san amfanin fitilar gaba, domin in babu ita ba ya ganin hanya. Amma fitilar baya, wadda aka fi sani da danja, sau da yawa akan yi sakaci da ita, sabo da mai tuƙi ba ya ganinta daga mazauninsa. Alhali kuwa ita ce bakin mota, da ita take gaya wa na baya cewa ga ta nan, ko za ta tsaya, ko za ta karya kwana, ko za ta ja da baya. An shirya wannan bayani ne domin direbobi da masu motoci da makanikai na Balan da sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, musamman masu bin babbar hanyar da ta taso daga Kano, ta bi ta Wudil, ta ratsa ƙasar Gaya zuwa Dutse.

Abin da ya sa maganar take da nauyi

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin wajen mita 22 a cikin sakan ɗaya tak. A ɗauka ran Juma'a ce da almuru, kasuwar Wudil ta watse, motoci suna bin juna cike da mutane da kaya da dabbobi. Direban gaba ya hangi amalanken shanu, ya taka birki, amma danjarsa ba ta kama ba. Na baya ba zai farga ba sai ya ga motar ta cika masa ido. Sakan ɗaya ko biyu da ya yi hasara sun isa su raba shi da lafiyarsa, da shi da fasinjojinsa. Abin ya fi muni da hunturu, lokacin da hazo ke rufe gari, da kuma damina sa'ad da ake tafka ruwa.

Dokar hanya ta ƙasar nan ta wajabta wa kowace mota fitilu masu aiki gaba da baya. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, suna da ikon tsayar da motar da fitilunta suka mutu ko suka saɓa wa ƙa'ida.

Ayyukan da ke cikin kaskon danja

Kaskon nan guda ɗaya yana ɗauke da ayyuka biyar. Akwai jar wuta mai sanyin haske wadda ke kamawa tare da fitilun gaba. Akwai jar wuta mai ƙarfi ta birki. Akwai sigina mai ƙiftawa, galibi ruwan goro. Akwai farar wuta ta ribas. Na biyar shi ne jan madubin nan da ba shi da ƙwai, wanda ke mayar da hasken motar baya ko da an kashe mota an ajiye ta a bakin hanya. Duk gyaran da za a yi, lalle ne ya bar waɗannan biyar suna aiki sosai.

Dalilin da sabuwar fitila ke ƙin zama

Idan danja ta fashe, mai mota yakan nufi Kano, kamar kasuwar Ƙofar Ruwa, ya sayo wata. Iri uku ake samu. Akwai ta ainihin kamfanin da ya ƙera motar, ita ta fi tsada. Akwai ta hannu wadda aka ciro daga wata mota, da ake kira 'yar Beljiyam. Akwai kuma sabuwa ta kwaikwayo, wadda wani kamfani dabam ya zuba, ita ce mai araha, ita ce kuwa ta fi ba da wahala wajen ɗaurawa, gama ba kullum zubinta ke fitowa daidai da na asali ba.

Wani lokaci kuma laifin ba na fitilar ba ne. Mota iri ɗaya, sunanta ɗaya, takan canza siffa daga shekara zuwa shekara. Har wa yau, yawancin motocin da ke kan hanyoyin Arewa an shigo da su ne bayan an yi amfani da su a Turai ko Amurka, kuma tsarin ƙasashen biyu ya bambanta. A Turai siginar baya ruwan goro ce, tana da ƙwanta dabam. A Amurka an yarda ta zama ja, a wasu motocin ma ƙwai ɗaya ne ke yin birki da sigina. Sabo da haka fitilar Turai tana iya zama daram a jikin motar Amurka, amma wayoyinsu su ƙi haɗuwa. Dalili na uku shi ne jikin motar kansa: in an taɓa bugunta ta baya, mai bugun mota bai fitar da kwanon daidai ba, to, ko fitilar asali aka kawo ba za ta zauna ba.

Kafin a biya kuɗi

A tafi kasuwa da tsohuwar fitilar, ko da a fashe take. A jera ta da sabuwar, a ƙirga ƙusoshin baya, a auna tazararsu, a dubi bakin soket a ƙirga haƙoransa. A tabbata ta hagu ce ko ta dama. A kuma duba jikin gilashin: fitilar da aka yi bisa ma'aunin Turai tana da harafin E da lamba a cikin da'ira, misali E1 na Jamus, E2 na Faransa; ta Amurka kuwa tana da haruffan DOT ko SAE. Masu jabu sukan kwaikwayi hatimin, amma fitilar da ba ta da shi sam abin tuhuma ce. A yi sharaɗi da mai shago cewa in ba ta zauna ba za a dawo da ita. Araha ba ta ado.

Yadda ake daidaita ta

Da farko a gwada fitilar a mazauninta ba tare da an ɗaure noti ko ɗaya ba. A dubi inda ta tokare da inda ta bar gibi, a kwatanta da ta ɗaya gefen. In an shafa alli a bakin mazaunin, aka danna fitilar a hankali, allin zai nuna daidai wurin da take gogawa. In aka ga kwanon mota ne ya lotsa, sai a kai wa mai bugu ya fitar da shi tukuna, kada a ɓata fitila a banza.

Babbar ƙa'ida ita ce: a rage daga bayan fitila, kada a rage daga jikin mota, kuma a rage kaɗan kaɗan. Sau da yawa ɗan tudun robar da zubi ya bari ne ke hana ta shiga. Magagari ko takardar gogewa sun isa su kawar da shi. A goga, a gwada, a sake gogawa, domin abin da aka rage ba ya komowa. Kada a taɓa gilashin, kada kuma a taɓa layin da gilashi ya haɗu da kasko, nan ne ke tsare ruwa.

In ƙusa ɗaya ta kauce wa raminta da ɗan kaɗan, to, nan ne kaɗai aka yarda a taɓa jikin mota. A faɗaɗa ramin da siririn magagari iyakar bukata, a shafa fenti a kan ƙarfen da ya buɗe domin kada tsatsa ta kama, a sa faffaɗar washa ta ciki. In fitilar ta nutse ciki fiye da kima, a ƙara washa ɗaya ko biyu a gindin ƙusar har fuskarta ta yi daidai da jikin mota. In kunnen roba ne ya karkace, a jiƙa shi da ruwan zafi a lanƙwasa a hankali. Kada a kai masa harshen wuta.

In kunne ya karye ko ya gaza, maƙeri yana iya yanka ɗan ƙarfe ya huda shi ya zama mahaɗi. Wannan ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Gaya, wadda labarin kaka da kakanni ya ce daga cikinta ne maƙera suka tafi Dutsen Dala neman tama tun kafin a kafa birnin Kano. Ƙarfen da aka ɗaure da noti ya fi igiyar roba ko waya da ake ɗaure fitila da su, waɗanda gargadar hanyar ƙauye ke kwancewa cikin 'yan kwanaki.

Wajen ɗaurewa, a fara kama dukan notocin da hannu, sa'an nan a bi su da sufana ɗaya bayan ɗaya, kaɗan kaɗan. Ƙusoshin nan a cikin roba aka dasa su. Wanda ya matsa da ƙarfi zai tumɓuke su ko ya tsaga kaskon.

Tsare ruwa da ƙura

Tsakanin fitila da jikin mota akwai soson roba. In sabuwar ba ta zo da shi ba, ko ya yi siriri, a yanka wani bisa siffar tsohon. Robar tsohon tiyub mai kyau tana iya tsayawa a madadinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta gibin nan ruwan damina ke shiga ya ci soket, ta nan ƙurar rani ke cika but. Abin da ya fi haɗari shi ne hayaƙin salansa, domin iskar da ke bayan mota mai tafiya tana turo shi ciki ta kowace kafa, kuma a cikinsa akwai guba marar wari mai sa ciwon kai da gyangyaɗi, har ta kai ga kisa. Masu motocin haya da ke zaunar da fasinja a kujerar ƙarshe su lura da wannan ƙwarai.

Amma kada a liƙe fitilar gaba ɗaya da gam, gama wata rana za a so canza ƙwai. Kada kuma a toshe 'yar kafar da masu ƙira suka bari a bayan kasko, ta nan gumi ke fita. In an gama, a kwarara ruwa da buta a kan fitilar, a buɗe but a duba.

Haɗa wayoyi

Kafin a taɓa waya a cire kan batir. Kada a dogara da launin waya, domin na kamfanin kwaikwayo ba lalle ne ya dace da na mota ba. Mai gyaran waya ya mayar da batir, ya gwada kowace waya da ƙwan gwaji, ya gane ta birki, da ta sigina, da ta ribas, sa'an nan ya sake cirewa ya haɗa. A haɗa da dalma, a rufe da kyau. Murɗa waya da hannu kawai yana kawo zafi, zafi kuwa yana kawo gobara. In fis ya ƙone, a nemi dalili, a sa wani mai lamba irin tasa. Sa guntun waya a madadin fis ganganci ne.

Akwai waya ɗaya da ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota, ta nan wuta ke komawa batir. In gindinta ya yi tsatsa, sai a ga abin mamaki: a taka birki sigina ta yi ja-ja, ko a sa sigina dukan fitilu su riƙa lumshewa tare. Maganinsa a kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tam.

Ƙananan motoci suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 12, manyan motocin kaya galibi 24. Ƙwan 12 a babbar mota nan take zai ƙone, na 24 a ƙaramar mota kuwa haskensa ba ya kai ko'ina. Ƙwan da ke yin danja da birki tare zare biyu gare shi, ɗaya wat 5, ɗaya wat 21, kuma 'yan ƙusoshin gindinsa ɗaya ya fi ɗaya tudu domin kada a juya shi. Wanda ya tura shi da ƙarfi a juye, danjarsa za ta riƙa haske kamar birki, na baya ba zai san lokacin da aka taka ba.

Fitilun zamani da ake kira LED suna kamawa da sauri, suna daɗewa, ba sa cin wuta da yawa. Sabo da ƙarancin cin nan, tsohuwar mota takan ɗauka ƙwai ya mutu, sai sigina ta riƙa ƙiftawa da gaggawa. Ƙa'ida ita ce ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. Mai gyaran waya yana iya canza na'urar ƙiftawar da wadda ta dace, ko ya ƙara abin da ke jan ragowar wutar. Wannan abin yana zafi ainun, sabo da haka a jikin ƙarfe ake ɗaure shi, nesa da roba da waya.

Gwajin ƙarshe

Gwaji na mutum biyu ne, kuma da magariba ya fi. Ɗaya ya zauna a mazaunin direba, ɗaya ya tsaya baya da nisan taku 30, su bi waɗannan:

1. A kunna fitilu: ja biyu su kama, haskensu daidai, da ta lamba.
2. A taka birki: hasken ya ƙaru a fili.
3. A sa sigina hagu, a sa dama, sa'an nan a sake yi ƙafa tana kan birki.
4. A sa ribas: farar wuta ta kama, ta mutu in an fitar.
5. A kashe kome, a haska tocila: jan madubi ya mayar da haske.

Bayan mako guda ana bin hanya a sake taɓa notocin.

Abubuwan da za a guje wa

Kada a shafe danja da baƙin fenti domin ado. Kada a rufe fasasshen gilashi da jar leda a ce an gyara. Kada a bar farar wuta tana haskawa ta baya mota tana tafiya gaba, domin mai zuwa zai zaci wata ce ta nufo shi. Kada kuma a bar buhu ko tabarma su rufe fitila in an yi lodi. Masu babura da masu keke mai ƙafa uku su ma wannan magana ta shafe su, masu amalanke kuwa ya kyautu su liƙa jan madubi a baya.

Ana roƙon dagatai da masu unguwanni da shugabannin tashoshin mota na Gaya da Ajingi su taimaka wajen yaɗa wannan bayani, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Duba danja kafin a tashi ba ya cin minti biyu, kuɗin ƙwai ɗaya kuwa bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.