Lissafin Da Ke Mayar Da Bashi Riba: Ina Gizo Ke Saƙar?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa a Garwa, wanda ba ya fashin cin kasuwar Pitoa ranar Lahadi, ya kawo mana wata 'yar takarda da ɗansa ya rubuta masa. Yaron yana ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma ya ce wa mahaifinsa zai tabbatar masa a rubuce cewa mai ribar jaka biyar ta sefa da wanda ake bi bashin jaka biyar duk ɗaya suke. Alhajin ya san ƙarya ce, amma ya duba layi bayan layi bai ga inda ƙaryar ta shiga ba. Abin da ya hana shi barci ke nan.

Ga yadda wasan yake. A lissafi ana rubuta riba 5, bashi kuma -5. Idan aka ninka 5 sau 5 za a sami 25. Idan aka ninka -5 sau -5 ma 25 ne, kuma wannan gaskiya ne, domin wanda aka ɗauke wa bashin jaka biyar har sau biyar ya ƙaru da jaka 25. Sai yaron ya ce tunda duka biyun 25 suka haifa, ashe 5 da -5 abu ɗaya ne. To nan gizo ke saƙar. Lambar da ake ninkawa da kanta a sami 25, wato tushen 25, ba ɗaya ba ce, biyu ce. Motar Yola da motar Marwa duk suna sauka a tashar Garwa, amma wannan bai mayar da Yola ta zama Marwa ba.

Wasa na biyu ya fi wannan santsi. Babu lambar da muka saba da ita da za a ninka da kanta a sami -1, sai masana suka ƙirƙiro mata alama, suka ce i sau i ya zama -1. Sai mai wasan ya ce ai akwai doka: tushen 4 sau tushen 9 daidai yake da tushen 36, wato 2 sau 3 ya ba da 6. Saboda haka tushen -1 sau tushen -1 shi ne tushen 1, wanda shi ne 1. Ashe -1 ya zama 1! Dokar tana da kyau, sai dai tana da iyaka: ba ta aiki idan lambobin biyu duk na bashi ne. Ya ɗauki takardar da ke aiki a wannan ƙasa ya tsallaka da ita waccan, kuma ku 'yan kasuwar kan iyaka kun fi kowa sanin ƙarshen mai yin haka.

Kada Alhaji ya ji kunya, manya ma sun yi tuntuɓe a nan. Al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ba ya karɓar amsar da ta gaza sifiri ko kaɗan. Lambar da aka ninka da kanta ma "mal" yake kiranta, wato dukiya, domin ciniki da rabon gado na cikin abin da ya rubuta littafin dominsu. A 1545 Cardano, wani likita ɗan Italiya, ya nemi raba 10 gida biyu yadda in an ninka su za a sami 40, amsar ta fito masa da tushen -15, ya ga ba ta da wani amfani. Descartes na Faransa ne ya laƙaba wa irin waɗannan lambobi sunan "na zato" a 1637, da nufin raini. Shi kansa Euler, gwanin gwanaye, ya rubuta a littafinsa na 1770 cewa tushen -2 sau tushen -3 shi ne tushen 6, amsar da in ɗalibi ya bayar yau malami zai ja masa jan biro.

Amma fa lambobin zato ba shirme ba ne. Wutar da ke zuwa Garwa daga madatsar Lagdo, wadda aka kammala a kan kogin Binuwai a 1982, iri ce mai kaiwa da komowa a cikin waya, kuma da waɗannan lambobi injiniyoyi ke lissafa ta.

Abin da ya sa muka tsaya a kan wasan yara shi ne, da irin wannan salo ake cin kuɗin manya. Mai damfara ba ya zuwa da ƙarya tsirara. Layi tara gaskiya ne, na goma ne ramin, kuma shi ake wucewa da sauri. Idan ba a manta ba, a 2016 shirin MMM ya yi wa mutane alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata guda a Nijeriya. Lissafin kowane wata daidai yake a takarda. Layin da aka tsallake shi ne cewa kuɗin sabon shiga ake biyan tsohon shiga da shi, kuma a watan Disamba na shekarar aka rufe asusun jama'a.

Mun mayar wa Alhaji takardarsa da da'ira a kan layi na uku. Ya ce zai kai wa yaron, ya kuma tambaye shi ko zai yarda a biya shi kuɗin makaranta da -5.