Gudu da kokawa: Wasannin da ɗalibi ba shi da mai ɗaukar masa kaya

A makarantun sakandaren Amurka, ɗan ƙwallon da ya gaji yana iya miƙa wa abokinsa ƙwallo. Mai gudun dogon zango da ɗan kokawa kuwa ba su da wannan gata.

Gudun na kilomita 5 ne, cikin ciyayi da tuddai. Makin mutum biyar na farko a kowace tawaga ake haɗawa, saboda haka na biyar ɗin da ya yi sanyin jiki a dogon hutu yana iya jawo wa makarantarsa faɗuwa.

Kokawa minti shida ce kacal, amma shirinta watanni ne, har da kiyaye ciki don kada mutum ya wuce nauyin rukuninsa. Bayan 'yan kokawar jami'a uku sun mutu a 1997 wajen rage ƙiba cikin gaggawa, an tsaurara dokoki, kuma yanzu a sakandare ba a yarda ragin ya wuce kashi 1.5 cikin 100 a mako ba.

Dan Gable na jihar Iowa ya gama sakandare da nasara 64 ba faɗuwa ko ɗaya. A 1972 ya ci zinare a gasar Olamfik ta Munich, ba wanda ya samu maki a kansa.