Motar Nishaɗi Mai Rahusa Ta Shiga Tsaka Mai Wuya

A shekarar 2024, duk Bafaranshen da ya so sayen sabuwar Toyota GR86 sai ya yi lissafi sau biyu. Farashin motar a wurin dillali bai kai Yuro 40,000 ba, amma harajin hayaƙin da gwamnati za ta karɓa kafin a ba ta lamba ya kai Yuro 60,000. Kuɗin haraji ya fi kuɗin mota. Babu dokar da ta ce kada a saya, an dai ɗaga igiyar ne zuwa inda mai albashi ba zai iya tsallakewa ba. A wannan shekarar kuma Toyota ta daina kai motar kasuwar Turai baki ɗaya, shekara biyu kacal bayan isowarta, duk da cewa kason farko da aka ware wa Birtaniya a 2022 ya ƙare cikin minti 90 da buɗe ciniki. Masu so suna nan, kuɗin saye ma akwai, abin da ya gagara shi ne ci gaba da sayarwa.

Motar da ake magana a kanta ba irin Ferrari ko Lamborghini ba ce, waɗanda attajirai ke jerawa a gareji. Ƙaramar mota ce mai ƙofa biyu, gajeriya har kamar direba na zaune a kan kwalta, injinta matsakaici, giyarta ta hannu, tayoyin baya ke tura ta. Ba ta ɗaukar iyali, ba ta ɗaukar kaya. An ƙera ta ne domin daɗin tuƙi kawai, a farashin da malamin makaranta ko ma'aikacin banki zai iya tarawa ya biya.

Wannan ba shi ne karo na farko da aka yi mata ta'aziyya ba. Turawan Ingila ne suka fara shahara da ita, da motoci irin su Austin-Healey Sprite ta 1958 da MGB ta 1962, wadda aka ƙera fiye da rabin miliyan, akasarinsu aka sayar a Amurka. Sai tsadar mai ta 1973 ta zo, Amurka kuma ta tsaurara dokokin hayaƙi da na kariya daga haɗari. Aka liƙa wa MGB ƙaton bamba na roba, aka ɗaga tsayinta, aka rage wa injinta ƙarfi, har ta zama abin tausayi. A 1980 aka rufe masana'antar Abingdon inda ake haɗa ta. Kowa ya ɗauka zance ya ƙare. Ashe a Hiroshima wani ɗan jaridar motoci Ba'amurke, Bob Hall, ya riga ya kai wa injiniyoyin Mazda shawarar su farfaɗo da irin wannan mota, amma wadda ba ta ɗigar da mai kuma tana tashi da safe. A 1989 aka nuna MX-5 a bikin baje kolin motoci na Chicago. Zuwa 2016 an ƙera miliyan ɗaya, kuma babu wata motar nishaɗi mai kujera biyu da buɗaɗɗen rufi da ta taɓa kama ƙafarta a ciniki. Masu ƙera ta sun ce burinsu mota da direba su zama kamar doki da mahayinsa, kuma duk wanda ya taɓa kallon gwanin mahayi yana juya doki da ɗan motsin linzami a filin hawan sallah ya san abin da suke nufi.

Sirrin wannan biyayya rashin nauyi ne. MX-5 ta yau, mai inji lita 1.5, nauyinta wajen kilo 1,000 ne, ƙarfinta kuwa doki 132, abin da bai fi na motar gida ba. Amma da yake babu kiba a jikinta, tana shiga kwana da ɗan taɓa sitiyari, birki ba ya wahala wajen tsayar da ita, taya ba ta saurin cinyewa, mai ma kaɗan take sha. Direba yana jin kwalta a tafin hannunsa, ya taka kuloci ya sauko da giya kafin kwana, ya ba ta totur yana fita, duk wannan a gudun da bai karya doka ba. Rashin nauyin nan shi ne daɗin, kuma shi ne rahusar.

To a nan ne wutar lantarki ta zo da kyauta a hannu ɗaya, da bulala a ɗaya hannun. Gudu dai ya yi araha yadda ba a taɓa gani ba. MG4 XPower, motar gida mai ƙofa biyar da ake ƙerawa a ƙasar Sin, tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 4, a farashin da bai kai fam 40,000 ba. Shekara ashirin baya sai mai Ferrari ke ganin wannan. Sai dai kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batir sau arba'in ko fiye, kuma ko da yake injin lantarki ya fi na fetur tattali nesa ba kusa ba, ratar ba ta rufuwa. Tankin MX-5 lita 45 ne, idan an cika shi bai kai kilo 40 ba, kuma yana ƙara sauƙi ana tafiya. Batirin da zai yi tafiya mai nisa ɗaruruwan kilo ne, cike ko wayam. Shi ya sa MG Cyberster, motar lantarki mai kujera biyu da buɗaɗɗen rufi da ta shiga kasuwar Birtaniya a 2024, ta doshi tan biyu, farashinta kuma ya fara daga wajen fam 55,000. Kyakkyawa ce, tana da gudu, amma an bar maganar rahusa a baya.

Kamfanoni sun gane cewa akwai abin da ya ɓace, shi ya sa suka shiga kwaikwayo. Abarth 500e tana da lasifika a ƙarƙashin bodi mai fitar da rurin inji. Hyundai Ioniq 5 N tana fizgar direba kamar ana canza giya alhali babu giyar canzawa, kuma waɗanda suka tuƙa ta da yawa sun yaba. Ni dai ina ganin dabara ce mai kyau, amma kwamfuta za ta iya yaudarar kunne da ƙugu ne kawai. Tan biyu da ɗoriya idan ya shigo kwana, taya ce ke biyan bashin.

Duk da haka, ba batir ne ya kori motocin da suka ɓace ba tukuna. Lissafin ofis ne. Tarayyar Turai tana auna hayaƙin dukkan motocin da kamfani ya sayar a shekara ta fitar da matsakaici, kuma duk giram ɗaya da ya haura ƙa'ida tarar Yuro 95 ce a kan kowace mota. Ƙa'idar 2025 ba ta kai giram 94 a kilomita ba, ita kuwa ƙaramar MX-5 tana fitar da wajen 140. Kowace motar nishaɗi da aka sayar sai an nemo mata motar lantarki da za ta goge mata laifi. Ga kuma dokar kariya da ta hau kan dukkan sababbin motoci a Yulin 2024, wadda ta wajabta kyamarori da na'urorin taka birki da kansu da masu gargaɗin wuce ƙa'idar gudu. Kamfanin da ke sayar da mota miliyan zai raba kuɗin wannan aiki ba a ji ba. Wanda ke sayar da 'yan dubbai fa? Wannan ne ya fitar da GR86. Mazda ta janye injinta mai lita 2.0 daga ƙasashen Tarayyar. Audi TT ta tsaya a 2023, Hyundai ta janye i20 N da i30 N daga Turai a 2024. Akwai kuma wata asara da ba a cika lura da ita ba: motar nishaɗi mai rahusa aro take yi, inji daga wannan, birki daga waccan. Da Ford ta daina ƙera Fiesta a 2023, Fiesta ST ta bi ta, domin babu mai gina masana'anta saboda ƙanwar mota ita kaɗai.

Ba na cikin masu cewa a bar hayaƙi ya ci gaba da tashi domin wasu su ji daɗin ranar Lahadi. Ɗumamar yanayi gaskiya ce, mu da ke bakin hamada mun fi kowa sani. Amma ma'aunin yana da gyara. Faransa tana da harajin nauyi, wanda a 2024 yake farawa daga kilo 1,600, sai dai a lokacin an yafe wa motocin lantarki. Ke nan jibgegiyar jif mai tan biyu da rabi, wadda aka haƙo ma'adinai masu yawa domin batirinta, tana wucewa salin-alin, ƙaramar mota mai tan ɗaya da ake fitowa da ita ƙarshen mako kuwa tana shan tarar hayaƙi.

Ɓangaren mai saye ma akwai magana. A Amurka an fara sayar da MX-5 a kan dala 13,800. Idan aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, wannan ya haura dala 30,000 ta yau, wato kusan farashinta na yanzu. Motar ba ta ƙara tsada ba, aljihun saurayin da aka ƙera ta dominsa ne ya tsuke. Kuɗin haya ya tashi, inshorar matashi a kan mota mai ƙofa biyu ta yi tsada, kuma mota ce ta biyu a gidan da ɗaya ma da ƙyar. Wanda ya koma ga tsohuwa ta hannu, idan a Landan yake kuma injinta bai cika ƙa'idar hayaƙi ba, fam 12.50 zai biya duk ranar da ya fito da ita, tun da aka faɗaɗa yankin harajin zuwa dukkan birnin a Agustan 2023. Mu ma nan abin zai iso, domin abin da Turai ta daina ƙerawa yau shi ne zai yi ƙaranci a cikin motocin Kwatano nan da shekara goma, ga kuma fetur da ya ninka tun cire tallafi a Mayun 2023.

Ana neman mafita ta hanyoyi da dama. Porsche ta zuba kuɗi a wata masana'anta a kudancin Chile da aka buɗe a 2022, inda ake haɗa fetur da wutar iska da ruwa da iskar kabon, kuma Jamus ta matsa har Tarayyar Turai ta yarda a bar wa irin wannan mai ƙofa bayan 2035, wa'adin da ta sa na daina sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi. Amma man yana cin wuta mai yawa kafin a samu lita ɗaya, kuma jiragen sama da na ruwa sun fi buƙatarsa, don haka zai fi amfanar mai Porsche fiye da mai Mazda. Toyota ta gwada injin da ke ƙona haidirojin a tseren awa 24 na Fuji a 2021, shugabanta na lokacin Akio Toyoda da kansa yana cikin direbobi, sai dai gidajen sayar da haidirojin ba su da yawa ko a Japan.

Hanyar da na fi ganin za ta ɓulle ita ce tsohuwar dabarar aro. Alpine A290 ta ɗauki ƙashin sabuwar Renault 5 mai lantarki, ta ƙara mata ƙarfi da ƙafafu masu kyau, nauyinta wajen tan ɗaya da rabi. Honda ta dawo da Prelude a 2025 da injin da ke haɗa fetur da lantarki, irin na Civic. Kamfanin Caterham na Ingila ya nuna samfurin motar lantarki a 2023 da yake fatan ba za ta kai kilo 1,200 ba, ta hanyar haƙura da ƙaramin batir da gajeriyar tafiya. Wannan haƙurin shi ne abin da kasuwa ba ta gwada ba tukuna: ko mai saye zai yarda da motar da ke neman caji da wuri, muddin ta ba shi sauƙin jiki. Ita kuwa Mazda, manyan injiniyoyinta sun bayyana cewa MX-5 mai zuwa za ta ci gaba da shan fetur da giyar hannu, kuma suna son nauyinta ya sauko ƙasa da tan ɗaya. Ko za a bar su su sayar da ita a Turai, wannan yana hannun 'yan majalisar Brussels, waɗanda har yanzu suke ja-in-ja a kan wa'adin 2035.